Tsakuwar Ido ta Gidan Casilda

A shekarar da ciwon jan ido ya tsallako teku daga birnin Cumaná, mutanen garin su Casilda sun daina kallon juna. Gari ne na masunta da masu kwasar gishiri a gaɓar Araya, gidajensa ba su kai saba'in ba, kowa ya san tarin kowa. Amma tun da aka ce ciwon ta kallo yake kama mutum, sai ka ga mata biyu a bakin tankin ruwa sun ba juna baya suna gulma, mai kanti yana miƙo sabulu fuskarsa na duban bango, uwa tana yi wa ɗanta faɗa idonta a ƙasa. Aka juya madubai suka fuskanci gini. Wata baiwar Allah har mutum-mutumin waliyyin da ke ɗakinta ta rufe wa fuska da hankici, wai kada shi ma ya ɗauka. Da rana tsaka, idan iska ta kwanta filin gishiri ya yi fari fat, mutane na wucewa da tsumma a ka, ba mai ɗaga kai, ba ka jin komai sai takun silifa da kukan awaki.

Duk da haka ciwon bai tsaya ba. Mutum zai kwanta lafiya lau, ya tashi kwantsa ta liƙe masa ido, in an jiƙa an buɗe sai a ga farin idon ya koma ja kamar tsokar kifi. Daga nan kuma ba inda ake nufa sai ƙofar Casilda, domin ita ce mai tsakuwar ido.

Tsakuwar ba ta kai ƙwayar wake ba. Gefe ɗaya a shafe yake da wani zane da ya nannaɗe kamar cibiya, ɗaya gefen a kumbure, fari sol. Kakar Casilda ce ta tsince ta a bakin teku, ta bar wa uwarta, uwarta ta bar mata, kuma ba wanda ke kiranta tsakuwa a gidan, Tsohuwa ake ce mata. Tana da rai, wannan ba abin musu ba ne a garin. Idan gishiri ko yashi ko ɓawon kifi ya faɗa wa mutum a ido, sai ya kwanta rigingine a kan bencin Casilda, ta ɗaga fatar idon ta tura Tsohuwa ciki. Za ka ji ta da sanyi tana zagayawa a hankali, ta kewaye idon kaf, sannan ta fito da kanta ta gefen hanci da dattin manne a jikinta. Ba a ciro ta da hannu. Ba a wanke ta da ruwan daɗi, ba a kai ta kusa da wuta, in an yi haka ta mutu. Daga ido sai cikin gwangwaninta, inda take kwance a garin mazarƙwaila, abincinta ke nan. Kuma ba a korar wanda ya zo nemanta, ko da maƙiyinka ne.

Casilda tana da shekara sittin da uku, gajera ce mai faɗin kafaɗa da saurin baki. A kwanakin nan ta fi kowa aiki. Tun hantsi layi yake tsayawa a ƙofarta, kowa ya ba na gabansa da na bayansa gefe, ita kuma tana aikinta da lalube, fuskarta a juye. Ciwon ya kama ta tun a makon farko, ya yi kwana shida ya sake ta. Wannan bai dame ta ba. Abu ɗaya tak take tsoro a duniya, kada ciwon ya kai ga mijinta.

Nicasio ido ɗaya gare shi. Na hagu ƙugiya ta ɗauke shi tun kafin su yi aure. Na daman kuwa shi ne dukiyar gidan, da shi yake duban launin ruwa daga nesa ya ce ga inda garken kifi yake, sauran masunta su bi bayan kwale-kwalensa. Ranar da Casilda ta tashi da kwantsa, ba ta tsaya shawara ba, ta jefa masa ragar kwanciyarsa ta taga ta ce ya koma rumfar taru a bakin teku, kada ta ga ƙeyarsa a gidan sai ciwon ya bar gari. Can take kai masa abinci safe da yamma, ta ajiye a kan wani kifaffen kwale-kwale, ta juya baya kafin ta kira shi.

"Nicasio! Ga wainar masararka da kifi. Kada ka kuskura ka juyo."

"Shekara arba'in da ɗaya ina kallon fuskar nan ban makance ba, sai yanzu?"

"Juyo ka gani, in ban fasa maka kai da farantin nan ba."

"To faɗa mini gaskiya, kin ƙara tsufa a kwana goman nan, ko kina nan yadda na bar ki?"

"Na koma budurwa. Ci abincinka, tsohon banza."

Sai ta ji dariyarsa a bayanta, da ƙarar cokali. Takan ɗan daɗe a tsaye tana duban teku, don kawai ta ji shi yana tauna.

Wadda al'amarinta ya fara tayar wa Casilda da hankali ita ce Evarista. Ita ta riƙe 'yar Casilda ta fari ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa suke kiran juna comadre, kuma ba a taɓa jin kansu ba. Evarista ta zo ranar wata Litinin daga filin gishiri, idonta garau, ƙwayar gishiri ce kawai ta faɗa mata. Aka sa mata Tsohuwa, ta fito da gishirin, suka sha kofi. Ranar Laraba idon ya yi ja. Ta dawo aka sake sa mata, ta sake dawowa, har sau huɗu. Ana nan ciwon kowa yana sauƙi bayan mako guda, nata sai gaba yake yi. Idon ya kumbura, mugunya na tsiyaya, haske ya zama mata azaba, ta rufe tagoginta da bargo tana zaune a duhu da tsakar rana.

Ran Talata motar gishiri ta sauke Zoila. Malamar asibiti ce, 'yar garin ce kuma, Casilda ta taɓa cire mata yashi a ido tun tana yawo ba riga. Abin da ya ba mutane tsoro shi ne yadda take kallon kowa tsakiyar ido. Tana tafe ana kauce mata kamar mai ɗauke da wuta. A ɗakin Evarista ta tarar da Casilda.

"A sa mini albarka, Doña Casilda."

"Allah ya yi miki albarka. Ke kuma ki kau da idonki, ba ki da hankali ne?"

Zoila ba ta kau ba. Ta wanke hannu da sabulu, ta yaye bargon taga, ta buɗe idon Evarista da yatsa biyu. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, "Doña, zo ki gani."

"Ba na kallo."

"Kin riga kin yi ciwon kin warke. Zo ki gani, don Allah."

Casilda ta leƙa. A tsakiyar baƙin idon akwai wani ɗigo fari, girman ƙwayar gero, gefensa ya yi dishi-dishi.

"Wannan ba jan ido ba ne kuma," in ji Zoila. "Gyambo ne a kan baƙin ido. Jibi jirgin safe zai tsallaka, dole a kai ta asibitin Cumaná. Me aka sa mata?"

"Tsohuwa mana," in ji Evarista. "Me kuwa za a sa?"

"Kafin ke, idon wa ta shiga?"

Zoila ta ja Casilda waje, ta yi ƙasa da murya, amma ba ta rage komai ba. Ta ce ciwon nan ba ya bin kallo, ko da mutum zai wuni yana kallon mai shi. Hannu yake bi, da tawul, da hankici, da ruwan kwano ɗaya da gida guda ke wanke fuska. Yawancinsa yana tafiya da kansa, a dafa ruwa ya huce, kowa da tsummansa mai tsabta, a riƙa goge kwantsar, a wanke hannu. Wanda nasa ya yi mugunya a shafa masa man ido. Amma abu mai tauri da ya fito daga ido mai ciwo, ba wanki, ya shiga lafiyayyen ido yana gogar baƙinsa, wannan kam shuka ciwon ake yi da hannu.

"Ba ni ita, Doña. Ko kuma ki tafasa ta a gabana."

"In tafasa ta? Ke kin san abin da kike faɗa kuwa? Tun ba a haifi uwarki ba take aiki a garin nan!"

"Na sani. Ni ma ta yi mini. Amma yanzu ita ke yawo da shi gida-gida."

"An tura ki birni kin yi karatu, kin dawo kina zagin iyayenki. Matsa mini!"

Zoila ta cusa mata sabulu da ɗan bututun man ido a aljihun riga. Casilda ta yi niyyar jefa mata su a fuska, amma motar gishiri ta yi ƙaho, yarinyar ta tafi.

Ta kama hanyar gida tana huci. Sai dai garin ƙarami ne, titi ɗaya ne, kuma mutum ba ya hana kansa lissafi. Gidan farko, 'yan Marval: ɗansu ne ya fara zuwa, daga Cumaná ya dawo ya ce ɓawon kifi ya faɗa masa. Bayansa, a ranar, mai gyaran inji ya zo da tsatsa a ido, ga gidansa nan, bayan kwana biyu ya kwanta. Bayansa matar mai kanti. Bayanta tagwayen da suka yi wasan yashi. Tana tafe tana tuna wanda ya kwanta a bencinta bayan wane, ƙofofin suna biyo lissafin ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake. Ta rage sauri. Ta so ƙwarai ta sami gida ɗaya da zai ƙaryata ta.

A ƙarshen titi gidan Brígida yake. Shekara goma sha tara ita da Casilda ba sa magana saboda wata akuya da ta ci shanyar kifi, kuma tun daga lokacin Brígida ta rantse ko idonta zai faɗo ƙasa ba ita ba bencin Casilda, ta hana 'ya'yanta da jikokinta. Tana zaune a bakin ƙofa tana fere kifi, kanta ba tsumma, jikoki biyar suna wasa a gabanta. Duk suka ɗago suka zuba wa Casilda ido. Idanu goma sha biyu, farare tas.

"Lafiya?" in ji Brígida. "Ko akuyarki ce ta ɓace?"

Casilda ta wuce ba ta tanka ba, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin garin.

Da ta shiga gida ta sa sakata, ta ɗauko gwangwanin. Kwanaki ke nan tana buɗe shi fuskarta a juye, yau ta duba. Garin mazarƙwailar ya jiƙe ya dunƙule, ya yi wani yauƙi a gefe, wani ɗan wari na tashi. Tsohuwa na kwance a tsakiya tana sheƙi, kuma Casilda za ta iya rantsuwa ta fi da ƙiba. Ta ɗauko farin faranti, ta ɗora ta, ta matsa mata lemun tsami, yadda uwarta takan yi in tana son ta ga lafiyarta. Ƙananan kumfa suka fito ta ƙarƙashi. Tsohuwa ta yi ɗan rawa, sannan ta fara tafiya, a hankali, tana jan kanta a kan farantin. Casilda ta ga wannan tafiyar sau ɗari, tun tana yarinya take tafa mata hannu. Yau sai ta lura da inda ta dosa. Ta nufi ƙofar baya, wadda ke kallon bakin teku da rumfar taru.

Ta juya farantin, ta mai da ita tsakiya, ta ƙara lemu. Ta sake nufar can. Ta ɗauki farantin daga tebur ta ajiye a ƙasa, ko teburin ne ya karkace. Tsohuwa ta ɗan yi jim, ta kewaya, ta miƙe ta doshi ƙofar baya har ta tokare bakin farantin, ta tsaya nan tana ƙananan motsi. A gidan ba kowa, rana na shigowa ta tsagar taga, amma sai Casilda ta ji bakinta na cewa a hankali, "Ba shi ba. Kin ji ko? Ba shi ba."

Tukunya tana kan murhu, ruwa na ciki. Teku kuma taku ɗari ne daga ƙofa. Ko wanne ta zaɓa da an gama. Amma uwarta da gwangwanin nan a ƙarƙashin matashi ta cika, kuma hannun da ya ciyar da abu shekara talatin ba ya saurin jefa shi a tafasasshen ruwa. Ta mai da ita gwangwani yadda take, ta naɗe da tsumma, ta hau kujera ta tura shi bayan mutum-mutumin Budurwa Maryamu, a ramin bango, inda take ɓoye abin da ba ta son a gani.

Washegari ta fito ta ce wa masu layi Tsohuwa ta gaji, tana hutawa, kowa ya je ya dafa ruwa ya wanke idonsa da nasa tsumman. Suka yi ta gunaguni suna kallon ƙasa. Wani ya ce ba a taɓa korar mutum a ƙofar nan ba. Ta ce to yau an fara. Dalilin kuwa ba ta faɗa wa kowa ba. Ta yaya za ta buɗe baki ta ce wa rabin gari ita ce? Kunya ta kama ta.

Da yamma ta kai wa Nicasio abincinsa.

"An ce kin kori mutane yau."

"Wa ya kawo maka gulma har nan?"

"Iska. Me ya sami Tsohuwa?"

Maganar ta zo mata har bakin harshe. Tana jin numfashinsa a bayanta, taku uku tsakaninsu. Mutumin nan shekara arba'in da ɗaya yana cewa a gaban abokansa, ni matata asibiti ce guda.

"Ba komai," ta ce. "Gobe zan raka comadre Cumaná. Na bar maka abinci a rufe a gidan mai kanti. Ka zauna inda kake."

"To, ranki ya daɗe. Ki sayo mini taba."

Likitan Cumaná dattijo ne mai sanyin magana. Ya ɗiga wa Evarista wani ruwa mai launin rawaya, ya haska fitila, ya duba, ya sake dubawa. Ya ce wani abu mai tauri ya kuje baƙin idon, ƙwayoyin cuta suka sami ƙofa. Za su kwantar da ita, a riƙa ɗiga magani kowace sa'a, za su yi ƙoƙari ƙwayar idon ta tsira. Gani kam, da wuya, hakiya za ta rufe wurin. Da an kawo ta kwana biyar da suka wuce da wata magana ake yi.

"Me kuka sa mata a ciki?"

Casilda ta buɗe baki. Evarista ta laluba ta kama hannunta ta matse. "Gishiri ne, likita," in ji ta. "Aikinmu ke nan. Ni na yi ta murzawa."

Da zagi Evarista ta yi mata da ya fi sauƙi. Casilda ta fito daga asibitin ta manta da taba, ta manta da komai. A jirgin dawowa iska ta taso, irin wadda takan kwana biyu ko uku tana kaɗawa, ruwa na watsowa cikin jirgi. Matuƙin ya ce wannan shi ne sawu na ƙarshe, ba mai sake tsallakawa sai ta kwanta. A nan cikin jirgin Casilda ta yanke shawara. Tana isa za ta ɗora tukunya, sannan ta gangara rumfar taru ta faɗa wa Nicasio komai, ido cikin ido.

La'asar ta yi lokacin da ta hau titin garin. Iska na kwasar yashi da garin gishiri tana watsawa a bango. Tun daga nesa ta ga ƙofar gidanta a buɗe tana bugawa. A bakin ƙofa ga silifa manya guda biyu, an ajiye su a jere. A tsakar ɗaki ga kujera a jikin bango, Budurwa Maryamu an ɗan matsar da ita gefe cikin ladabi. Gwangwanin na kan tebur a buɗe.

Nicasio yana kwance rigingine a kan benci, hannuwansa a kan ciki, yana murmushi.

"Casilda ce? Kada ki yi faɗa, idona a rufe yake, ban kalle ki ba. Ina kankare gindin kwale-kwale iskar nan ta watso mini ɓawon fenti. Na yi ta wankewa da ruwan teku ya ƙi fita. Na ce bari in zo wurin Tsohuwa da kaina, ai mun saba." Ya yi 'yar dariya. "Bayan Budurwa! Nan kika ɓoye mini barasata shekarar da aka yi ambaliya. Ai ba ta gaji ba, tana ta aiki. Ga ta nan, sanyi ƙalau, tana zagayawa."

Ta ga wurin. Ƙarƙashin fatar idonsa na dama wani ɗan tudu yana motsi a hankali, daga gefen kunne zuwa sama.

Ihun da ta yi har gidan Brígida an ji shi. Ta faɗa kansa, ta danne goshinsa, ta ɗage fatar idon da ɗan yatsa, ta ƙwaƙulo tsakuwar, abin da ba mace a zuriyarsu da ta taɓa yi. Ta faɗi ƙasa ta gangara ƙarƙashin tebur.

"Kin haukace ne? Ba a ciro ta! Casilda!"

"Tun yaushe take ciki?"

"Ban sani ba, tun rana na kan rufin coci. Me ya faru?"

Ba ta amsa ba sai da ta hura wuta, ta tafasa ruwa, ta yi ta juya shi daga kofi zuwa kofi don ya huce. Ta wanke hannu da sabulun Zoila har sau uku. Ta karkata kansa ta yi ta kwarara masa ruwan a ido, ta matsa man ido a ciki. Sannan ta zauna a ƙasa kusa da bencin ta faɗa masa. Ta faɗi lissafin gidaje, da idanun jikokin Brígida, da farin ɗigon, da maganar likita, da cewa ido na ƙarshe da Tsohuwa ta shiga kafin nasa na Evarista ne. Ta faɗi cewa tun Talata ta sani, kuma jiya ya tambaye ta ta ce ba komai.

Ƙofa na ta bugawa.

"Ke nan ba kallo ba ne," in ji Nicasio.

"Ba kallo ba ne."

"Duk kwanakin nan ina cin abinci ina duban taru a banza."

Abin da ya faɗa ke nan. Bai ƙara ba, a ranar ko washegari.

Juma'a iska ba ta kwanta ba. Casilda ta zagaya wurin masu jirage huɗu, ta roƙa, ta yi zagi, ta yi kuka, kowa ya nuna mata teku. Nicasio da kansa ya ce su bar shi, ko shi ba zai fita a wannan ruwan ba. Ta riƙa shafa masa man ido, bututun yana ƙarewa. Shi kuwa ya ƙi kwanciya. Ya fita ya yi ta yawo a gari kansa a buɗe, yana tsayawa yana duban abubuwan da ya wuce shekara da shekaru bai kula ba, ƙofar coci, tankin ruwa, tulin gishiri, kwale-kwalensa da bai gama kankarewa ba. Da yamma idon ya fara ja, yana ruwa.

Asabar da safe teku ta kwanta lumui. Sama ta yi garau, har gine-ginen Cumaná ana hangowa a tsallake, farare ƙanana. Matuƙin jirgi ya tafi ɗauko mai. Su biyu suka zauna a gaɓa suna jira, ƙunshin kayansa a tsakaninsu. Casilda ta zauna a karkace, ta saba.

"Juyo," in ji shi.

"Bari in gyara maka hular, hasken zai dame ka."

"Bar hular. Juyo nan, ki zauna a gabana. Kin ce kin koma budurwa, ina son in gani da idona."

Ta juyo. Ya buɗe idon da ƙyar, yana ƙiftawa, hawaye na bin kuncinsa. Ya dube ta daga furfurar goshi har haɓa, a hankali, bai yi sauri ba. Ita ma dole ta dube shi. Farin idon ya yi ja gaba ɗaya. A tsakiyar baƙin, ɗan sama kaɗan, ga ɗigon nan, fari, bai kai kan allura ba.

"Ƙarya kika yi mini," ya ce. "Kina nan yadda na bar ki." Ya murtuke fuska, ya ɗan ja kai baya, ya sake matsowa. "Tsaya, kada ki motsa. Hazo ne ya taso daga teku, ko?"

Casilda ta dubi sararin sama, ba ko ɗigon gajimare daga nan har tsallake.

"E," ta ce. "Hazo ne."

Ta ja jiki a kan yashi ta matso kusa da shi, har gwiwoyinsu suka haɗu.